Fijon Halliru Duba-gari

Duk wanda ya yi wayo a Wudil kafin a koma kashe naira ya san Malam Halliru Duba-gari. Dogo ne siriri mai ɗan doro, kuma ko bayan da ya tuɓe kakin hukumar En'e bai daina tafiya da hannuwa a goye a baya ba, kai a sunkuye, kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓata. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana shiga gidajen mutane yana leƙa randa da salga da kwata. In ya yi sallama a zaure akan ce ya dakata mata su yi lulluɓi, shi kuwa ya san ba lulluɓin kaɗai ake yi ba. A ɗan wannan lokacin ne ake jan randa mai tsutsar sauro a kai ta bayan rumbu, a ajiye wankakkiya a bakin ƙofa. In ya shiga ba ya ko kallon wankakkiyar. Ƙasa yake duba, ya bi sawun jan gindin randar har inda aka ɓoye ta.

Ba mugu ba ne, don sau da yawa yakan yi faɗa ya tafi bai rubuta sammaci ba. Amma aikin ya bar masa wani hali da ya bi shi har gida: duk abin da aka nuna masa, sai ya nemi wanda aka ɓoye a bayansa. In mahauci ya yi masa gyara sai ya sansana naman. In maƙwabci ya cika tsawaita gaisuwa, sai ya dawo ya ce wa matarsa Indo lalle akwai abin da mutumin nan yake nema. Ya ajiye aiki 'yan watanni kafin a yi rabon Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, kuma har ya bar duniya bai yarda cewa ba da gangan wani akawu ya gaggauta masa takardun ba.

Motar da ake kira Fijon Halliru ba tasa ba ce. Ta wansa ce, Alhaji Babba, dillali a kara, kasuwar shanun Wudil. Fijo ce ƙirar 403, ruwan toka, ya saye ta a hannun wani Balarabe Kwara mai sayen gyaɗa a Kano shekara ɗaya bayan samun mulkin kai. Alhaji Babba bai taɓa koyon tuƙi ba, ya ce shi da ya iya da bijimi ba zai tsaya ƙarfe ya kunyata shi ba, don haka Halliru ne ya koya, shi yake jan ta. Da Alhaji ya rasu, aka zauna rabon gado, 'ya'yansa suka ce kada a sa motar a ciki, a bar ta motar gida, makulli ya ci gaba da zama a hannun baffansu. Ita ta kai amaren gidan ɗakunansu, ita ta kai masu naƙuda da masu karaya asibiti a Kano, ita take kai mata suna da gaisuwar mutuwa a Ɗankaza inda dangin Indo suke. Ƙofarta ta gaba, ta wajen mai zaman banza, tana da nata hali: ba ta buɗuwa sai ka tokare ta da gwiwa ka ɗan ɗaga mariƙin sama. Baƙo yakan yi ta ja har ya yi gumi.

Sai duniya ta juya. Aka yi canjin hannu, aka koma bin dama, motar kuwa sitiyarinta yana dama, ya zama in Halliru zai wuce wata mota sai ya yi ta miƙa wuya. Kuɗin mai suka shigo ƙasa. Hanyar Kano ta cika da tifofi da tankoki da tireloli masu siminti, malaman makaranta suka hau sababbin babura, 'yan kwangila suka shigo da Fijo 504 sabuwa fil da ledar kujeru ba a cire ba. Tsohuwar Fijo ta zama in ta tsaya a bakin kasuwa ranar Juma'a sai ka ga kamar tsohuwa ta shiga cikin 'yanmata.

A wannan lokaci ne Halliru ya fara ƙorafi da gilashin gaba. Ya ce ya yi hazo, ya sa aka wanke da sabulu, aka goge da toka, aka goge da jarida, bai washe ba. Ya kai wa Bilya bakanike, mai gareji a bakin hanya kusa da gada. Bilya ya shiga ya zauna, ya duba, ya fito ya ce shi dai bai ga laifin gilashi ba. A hanyar gida Halliru ya yi ta tunanin me Bilya zai samu in ya ƙi gaya masa gaskiya. Cikin watanni uku ya goge gefen motar a jikin wata tifa, ya kuma jefa tayar baya cikin kwalbati a hanyar Ɗankaza da mata huɗu a ciki. Babu wadda ta ji ciwo, sai dai tuwon sunan da aka ƙullo musu ya kife. Ya ɗora laifin a kan masu gyaran hanya da direbobin zamani da suke sayen lasin ba su koyi tuƙi ba. Tun daga ranar Indo ta daina shiga motar, ta ce warin fetur yana tayar mata da zuciya. Halliru ya lura shekara goma sha biyar tana shaƙar warin nan bai taɓa damun ta ba. Ya yanke a ransa cewa kunyar shiga tsohuwar mota take ji, don ta ga matan 'yan kwangila.

Da kaka ta yi, a shekarar da aka mai da En'e ƙaramar hukuma, Bilya ya tare shi bayan sallar la'asar ya ce in har motar ta sayarwa ce yana so. Ya ce zai yanke bayanta ya mai da ita akori-kura, ya riƙa ɗaukar kifi da tukwane zuwa Kano. Halliru ya ce ba ta sayarwa ba ce. A ransa kuwa ya ce to, ga bayanin gilashi ya fito: a bar shi ya yi ta buge-buge har ya gaji ya sayar da arha.

Bayan sati biyu Sharhabilu ya zo. Shi ne babban ɗan Alhaji Babba, ma'aikaci ne a wani ofishin gwamnati a Kano, kuma Udoji ta same shi sosai. Ya durƙusa ya gai da baffansa, aka yi ta tambayar iyali da aiki da gajiya, aka ci abinci. Sai da zai tafi ya ɗan taɓo maganar cewa kayan gyaran irin wannan mota sun fara wuya, ko ba a ga ya kamata a rabu da ita tun tana da daraja ba. Ya ce in ya so shi zai riƙa turo tasa duk lokacin da ake bukata. Halliru ya ce ai motar ubansu ce, in suna son abinsu ga makulli. Sharhabilu ya yi sauri ya ce subhanallahi, ba haka yake nufi ba, shawara ce kawai. Ya tafi. Halliru ya zauna a zaure yana lissafi: motar da ta shekara shida tun rasuwar wansa ba wanda ya tambayi kuɗinta, yau cikin sati biyu mutum biyu sun yi maganarta.

Na ukun ya zo ranar Juma'a da hantsi, kasuwa tana ci. Wani mutum ne mai tsabta, da shadda da agogo, ya ce sunansa Sabo, daga Ringim yake, sana'arsa sayen tsofaffin motoci. Ya ce a bakin kara ya ga Fijon wata Juma'ar, ya yi ta tambaya har aka kwatanta masa gidan. Ya zagaya ta sau ɗaya, bai buɗe bonet ba, bai ce a tayar ya ji ƙarar inji ba, ya yi tayi. Kuɗin da ya faɗa sun kusa ninka abin da motar za ta yi a kasuwa. Halliru ya ce ko ba zai shiga ya ga kujeru ba? Mutumin ya ce to, ya nufi ƙofar gaba, ya tokare ta da gwiwa, ya ɗaga mariƙin. Ta buɗe tun karon farko.

Halliru bai nuna ya lura ba. Ya ce a ba shi sati biyu ya yi shawara, ya raka baƙon har bakin hanya, ya yi masa fatan sauka lafiya.

Abin da ya fara zuwa masa shi ne akwai wani abu a cikin motar. Wansa dillali ne, kuma dillalan shanu ba su yarda da banki ba. Ranar Asabar ya sa tsohuwar riga, ya kwance kujeru, ya ɓalle kwalin ƙofofi, ya ɗaga shimfiɗar but, ya zura hannu duk inda hannu zai shiga. Ya samu ɓawon goro, da kwabo mai huji guda biyu, da wata laya da ta ƙeƙashe, da takalmin yaro wari ɗaya. Indo tana tsaye tana kallon sa, ta tambaye shi abin da ya ɓata, ya ce ɓera yake nema.

Sai ya koma kan filin. A gefen gidan ake ajiye motar, a wani ɗan fegi mai fuskantar hanya wanda shi ma na magadan Alhaji Babba ne, kuma a lokacin ana ta raɗe-raɗin masu gidajen mai suna neman filayen bakin titi. Ya ce watakila so ake a kawar da mota, fegi ya zama ba kowa, a sayar ba da saninsa ba. Ya je wajen mai unguwa kamar gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tabbatar ba wanda ya je da maganar fegin. Duk da haka ƙofar nan ta tsaya masa a rai. Wanda ya san ta, ko ɗan gida ne, ko ɗan gida ne ya koya masa.

Ranar Talata ya ce wa Indo zai je gona. Ya bar Fijon a inda take, don duk wanda ya gan ta ya san wa ke tafe, ya shiga bas ta haya zuwa Kano. Da ya isa ofishin su Sharhabilu bai bi ta babbar ƙofa ba. Ya zagaya ta baya, wajen rumfar da direbobi suke zama, kamar yadda yakan yi a gidajen da ya san za a yi masa ɓoyo. Bai gane fuskoki daga nesa ba, amma ya ji murya. Sabo na Ringim yana zaune a kan benci da kakin direba, yana ba abokansa labari suna dariya. Da ya ɗaga kai ya ga wanda yake tsaye a kansa, sai ya miƙe ya cire hula. Halliru ya tambaye shi yaya mutanen Ringim, sannan ya ce ya kai shi wajen maigidansa.

Sharhabilu ya sallami wanda yake gabansa, ya rufe ƙofa, ya bar kujerarsa ya tsuguna. Halliru ya ƙi zama. Ya ce shi bai zo neman komai ba, ya zo ne ya ji abin da ya sa ɗan wansa, wanda ya goya a kafaɗa, zai sa wa direba shadda ya turo masa shi da ƙarya. In mota yake so tasa ce. In fegi ne, nasu ne. In kuwa zargin sa ake yana cin wani abu a ciki, a faɗa masa a gaban idonsa.

Sharhabilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, wallahi ba mota ba ce, ba kuma fegi ba ne. Kuɗina ne na ba shi ya kawo. Na yi nufin in ajiye ta a nan Kano."

"Motar ubanka za ka saya da kuɗinka? Don me?"

"Don kada ka ƙara tuƙa ta. Baffa, ba ka gani sosai. Kowa ya lura, an rasa mai faɗa maka ne."

Halliru ya ce wane ne kowa. Sharhabilu ya ce ya yi masa rai kada ya sa shi ambaton suna. Ai ba sai ya ambata ba. Halliru ya juya ya fita, ya ƙi yarda a mai da shi gida a motar ofis, ya koma tasha ya jira bas ta cika.

Ya tarar da Indo tana tankaɗe a tsakar gida. Bai yi mata tsawa ba, don ba halinsa ba ne. Ya zauna a kan turmi ya jera mata abin da ya gano ɗaya bayan ɗaya, tun daga warin fetur har zuwa ƙofa, kamar mai karanta rahoto a gaban alƙali. Ba ta musa ko ɗaya ba. Ta ce ita ta aika wa Sharhabilu bayan abin da ya faru a hanyar Ɗankaza, don da idonta ta ga kwalbatin tun daga nesa, ta ɗauka ya gani, sai kawai ta ji su a ciki. Ta ce sau uku tana ɗauko maganar, kowane karo sai ya riga ta da laifin gilashi. Ya ce idonsa lafiya lau, makirci ne kawai aka haɗa don an ga ya ajiye aiki. Sai ta ajiye rariya, ta nuna randar wanki da take gindin bango.

"Malam, kwana tara ke nan ban wanke ta ba, da gangan. Kullum da safe sai ka buɗe ka leƙa ka rufe. Ba ka ce komai ba."

Ya tashi ya je ya ɗaga murfin. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ruwan. Ruwa kawai ya gani. Ya ɗebo a farar tasa, ya fito da ita tsakiyar rana, ya karkata ta, ya rufe ido ɗaya. A nan ne ya ga wani abu kamar zare yana ɗan motsi, sannan ya ga ba ɗaya ba ne. Ya zubar da ruwan a ƙasa, ya kife tasar, ya shige ɗaki.

Kwana goma sha biyu ya yi ba ya ce mata komai sai amsa gaisuwa. Bai taɓa motar ba, bai kuma ce ya yarda ba. Har ya yi tunanin ko a ranar ta zuba tsutsar don ta kama shi. Daga ƙarshe ya je wajen wani tsohon abokin aikinsa, malamin asibiti, wanda ya tabbata ba ya shiri da kowa a gidan. Mutumin ya buɗe masa ido da yatsa a bakin taga, ya ce yanar ido ce, ta dama ta nuna, ta hagu tana tafe, kuma a Kano ana cirewa.

Juma'ar da ta biyo baya ya aika aka kira Sharhabilu da ƙannensa, aka zauna a zaure da mai unguwa. Ya ajiye makulli a kan tabarma. Ya ce shi ya gama tuƙi, amma ba zai yarda a kai motar wansa Kano a rufe ta da tamfol tana ruɓewa don a rufa masa asiri ba. Ko a samu mai jan ta a cikinsu, ko a sayar a fili, da dillali da shaidu, a raba wa masu haƙƙi. Aka yi ta shawara har aka kira sallar Juma'a. Ƙannen Sharhabilu mata biyu suna so a bar ta, don a cikinta aka kai su gidan miji. Amma ba mai iya ɗaukar direba saboda ita, kuma kowa ya san batun kayan gyara ba ƙarya ba ne. Aka tsaya a kan sayarwa, kuma Bilya ne ya saya, a kan kuɗin da dillali ya yanka.

Kafin a miƙa masa makulli Halliru ya ja shi gefe ya tambaye shi ko da shi aka ƙulla tun farko. Bilya ya rantse bai san komai ba, ya ce shi mota kawai ya gani yana so. Halliru ya ce to me ya sa ranar da ya kawo maganar gilashi bai ce masa idonsa ne ba. Bilya ya ce shi bakanike ne, kuma yana jin nauyinsa. Indo ta ce ba ta taɓa magana da Bilya ba, Sharhabilu ma haka. Halliru ya ji duka, bai ƙaryata kowa ba, amma bai ƙara zama a garejin ba. Da aka yanke bayan motar aka yi mata fentin shuɗi, in ta wuce da lodin tukwane yakan gane ta da ƙara, ya kau da kai.

Bayan sallar layya aka yi masa aiki a idon dama. Da aka kwance bandeji ya ga fuskar likitan, ya ga ashe yaro ne sa'an Sharhabilu, sai ya ce lalle koyo aka yi a kansa, Allah ne ya tsare, kuma ba mai taɓa masa na hagu. Duk lallashin da aka yi ya ƙi. Ya dawo Wudil da ido ɗaya mai kyau da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba.

A shekarun da suka biyo baya kuɗi suka yi ta yawo, mutane suna ta saye da sayarwa, kuma algus ya yi yawa. Wani maƙwabci da zai sayi tsohon babur ya roƙe shi ya raka shi. Halliru bai san inji sosai ba, amma ya san mutum mai ɓoyo. Ya tambayi mai babur ɗin me ya sa ya wanke gefe ɗaya fiye da ɗaya, ya sa aka kwantar da babur ɗin, aka ga walda. Labari ya bazu. Daga nan duk mai sayen mota ta hannu, ko injin niƙa, ko gida, sai ya zo ya ɗauke shi. Ba ya karɓar lada, goro kawai. Dillalai suna ganin sa tafe sai ransu ya ɓaci. Wani lokaci yakan ɓata cinikin da ba shi da aibi, don in ya rasa laifi a kaya sai ya ce rashin laifin ma abin dubawa ne, amma waɗanda ya tsamar sun fi yawa.

Tsakaninsa da Indo ya koma daidai a hankali, ba tare da wani ya ba wani haƙuri ba. Ta riƙa shiga 504 ɗin Sharhabilu in za a je Ɗankaza, shi kuma a kujerar gaba, yana gaya wa direba ya rage gudu. Ya rasu da damina, shekara shida bayan sayar da motar, bayan jinyar kwana huɗu. An yi masa salla a ƙofar gida bayan azahar. Mutane sun taru sosai, har da dillalan kara da na tasha, kuma Bilya yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.